Raymond Scott: Mutumin da Ya Fara Yi wa Jarirai Kiɗan Raino da Na'ura

Uwargida, tuna wani dare da jaririnki ya ƙi barci. Kin shayar da shi, kin canza masa kaya, kin goya kin yi ta jijjiga har ƙafafunki suka gaji, shi kuwa ido biyu yana tsala kuka. Daga ƙarshe kika jawo waya kika nemo irin sautin nan da ake cewa yana sa yara barci, wani siririn kiɗa mai maimaita kansa kamar ɗigar ruwa a bokiti, kika ajiye a gefen gado. Wataƙila ya yi miki aiki, wataƙila sai da asuba ta kawo kai sannan kuka samu kuka runtsa.

Wannan dabara ta girmi wayar da ke hannunki nesa ba kusa ba. Fiye da shekara 60 da suka wuce wani Ba'amurke ya zauna a ɗaki cike da wayoyin lantarki da injinan da ya ƙera da hannunsa, ya shirya faifai uku na kiɗan lallashin jarirai, babu ganga babu garaya, babu muryar mutum a ciki. Sunansa Raymond Scott. Ko ba ki taɓa jin sunan ba, da wuya a ce kiɗansa bai taɓa shiga falonki ba, musamman idan yaranki masu kallon katun ne.

Mun kawo miki labarinsa ne saboda ya taɓa abubuwan da suka shafi kowace uwa: yaro mai baiwar da ba a gane kanta da wuri, uban da aiki ya ɗauke wa hankali daga gida, da kuma tambayar nan ta yau da kullum, wato ina ya kamata na'ura ta tsaya a rainon 'ya'yanmu.

Ɗan mai shagon kayan kiɗa

An haife shi ranar 10 ga Satumba, 1908, a unguwar Brooklyn da ke birnin New York. Sunansa na yanka Harry Warnow. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Rasha, mahaifin kuma yana da shagon sayar da kayan kiɗa. A cikin wannan shago Harry ya tashi, tsakanin faya-fayen garmaho da kayan busa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne wata irin fiyano mai kaɗa kanta. Ana saka mata naɗaɗɗiyar takarda mai huje-huje, takardar na juyawa iska na bi ta ramukan, sai ki ga madannan suna sauka suna tashi ba tare da kowa ya taɓa su ba. Yaron yakan ɗora yatsunsa a kan madannan yana bin su, da haka ya fara koyon kiɗa. Malaminsa na farko ke nan inji ne, kuma inji ba ya kuskure ba ya gajiya. Wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Harry ya shiga makarantar sakandaren fasaha ta Brooklyn da burin zama injiniya. Yayansa Mark, wanda ya riga ya yi nisa a harkar kiɗa, shi ne ya hango cewa ƙanen nasa yana da kunne na musamman. Ya matsa masa ya karkata zuwa kiɗa, ya taimaka masa ya shiga makarantar da yau aka sani da Juilliard, ɗaya daga cikin manyan makarantun kiɗa na duniya. Ya kammala a 1931. Sai dai injiniyan da ke cikinsa bai mutu ba, kwanciya kawai ya yi.

Bayan makaranta ya samu aikin kaɗa fiyano a ƙungiyar makaɗan gidan rediyon CBS, inda Mark yake jagora. Nan wata matsala ta taso wadda ba baƙuwa ba ce gare mu. Idan yaya yana sa kiɗan ƙanensa a rediyo, mutane za su ce son kai ne. Don ya toshe bakin masu magana, Harry ya buɗe littafin lambobin tarho na Manhattan ya zaɓi wani suna da ya ji ya yi masa daɗi a kunne. Daga ranar ya zama Raymond Scott.

Mutum shida masu sunan biyar

A ƙarshen 1936 ya haɗa ƙaramar ƙungiyarsa ta makaɗa daga cikin abokan aikinsa na rediyo. Su shida ne, amma ya raɗa musu suna mai ma'anar mutum biyar, don a ganinsa ya fi daɗin faɗa. Mai gangarsu, Johnny Williams, shi ne mahaifin John Williams wanda daga baya ya shirya kiɗan fim ɗin Star Wars.

Yadda Scott ke aiki da su ya bambanta da na sauran. Ba ya rubuta musu kiɗa a takarda. Sai ya kaɗa wa kowa nasa kason a fiyano ko ya rera masa da baki, ya ce ya haddace. Yana naɗar duk atisayen da suka yi a faifai, ya tafi da shi gida ya kwana yana saurare, washegari ya dawo da gyare-gyare. Sukan shafe makonni a kan kiɗa ɗaya da bai wuce minti uku ba. Da zarar ya gamsu, ba wanda ya isa ya canza ko ɗigo. Makaɗan jaz kuwa sun saba da sakewa, kowa ya ƙara nasa gishirin yadda ransa ya ba shi, shi ya sa da yawa daga cikinsu suka ɗauke shi mutum mai tsananin takura.

Jama'a dai sun so abin. Daga 1937 faya-fayensu suka yi kasuwa, har aka gayyace su Hollywood suka fito a fina-finai. A 1942 CBS ta naɗa shi daraktan kiɗa, ya kuma yi abin da ba a saba gani ba a Amurkar wancan lokaci, inda wariyar launin fata ta raba komai har dandalin kiɗa. Ya haɗa baƙaƙe da farare a ƙungiyar gidan rediyo ɗaya, cikinsu har da fitattun baƙaƙen makaɗa irin su Ben Webster da Charlie Shavers da Cozy Cole. Abin da ya dame shi shi ne wa ya iya, ba wane launi ba.

Yadda ya shiga falonki ta ƙofar katun

A 1943 Scott ya sayar wa kamfanin Warner Bros haƙƙin wallafa kaɗe-kaɗensa. Daraktan kiɗan katun na kamfanin, Carl Stalling, ya samu abin da yake nema. Ya riƙa tsoma kaɗe-kaɗen Scott a cikin katun ɗin zomon nan Bugs Bunny da agwagwa Daffy Duck da sauran abokansu, har suka shiga fiye da guda 120.

Wanda ya fi shahara shi ne mai suna Powerhouse, na 1937. Duk lokacin da kika ga an nuno masana'anta a katun, kaya na tafiya a kan bel, guduma na sauka a jere, ko kuma ana tsere wani na bin wani a guje, akwai yiwuwar wannan kiɗan ne ke tashi. Daga baya shirye-shirye irin su The Simpsons da Animaniacs su ma sun ɗauka.

Abin dariyar shi ne Scott bai taɓa zama ya shirya kiɗa don katun ba. Abin da ya sa duniya ta san sautinsa ya faru ne a bayan idonsa, yayin da shi hankalinsa ke can wani wuri daban.

Ɗakin da bango ke kiɗa

A 1946 ya kafa wani kamfani mai suna Manhattan Research, don ƙera na'urorin sauti. Bayan rasuwar yayansa Mark a 1949, ya gaje shi a matsayin jagoran makaɗan wani shahararren shiri mai suna Your Hit Parade, wanda ya koma talabijin a 1950. Ya yi aikin har 1957. Amurkawa sun san fuskarsa yana murmushi da sandar jagora a hannu, amma shi a wurinsa hanyar neman kuɗi ce kawai. Kuɗin kuwa a kan wayoyi da injina suke ƙarewa. A katafaren gidansa da ke Manhasset, a yankin Long Island, ya ware ɗakuna ya mayar da su wurin gwaje-gwaje.

Kafin mu ci gaba, bari mu warware abin da ake nufi da kiɗan lantarki, don kalmar ta fi abin tsoratarwa. Duk sautin da kunnenki ke ji girgiza ce. An bugi kalangu, fata ta girgiza, iska ta ɗauko zuwa kunnenki. Mai kalangu ya matse tsarkiya a hammatarsa, fata ta ɗaure, girgizar ta ƙara sauri, sai murya ta yi sama. Ya saki, ta yi ƙasa. To a kiɗan lantarki babu fata babu tsarkiya. Wutar lantarki ce ake sa ta kai da komo a cikin waya sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, lasifika ta mayar da wannan kai-komon girgizar iska. Idan ya yi sauri sautin ya fito siriri, idan ya lafa ya fito da kauri. Wanda ya iya sarrafa wutar ya iya fitar da sautin da babu wani kayan kiɗa a duniya da ke yin irinsa.

Ba Scott kaɗai ke wannan nema ba. A birnin Alƙahira wani ɗan Masar, Halim El-Dabh, ya yi gwajin sarrafa sautin da aka naɗa tun 1944. A New York, Otto Luening da Vladimir Ussachevsky sun gabatar da kiɗan da aka haɗa a kan tef a gaban jama'a a 1952. Wasu ma'aurata, Louis da Bebe Barron, sun yi wa fim ɗin Forbidden Planet na 1956 kiɗa na lantarki zalla. Bambancin Scott da mafi yawansu shi ne ba ya ƙarƙashin jami'a ko gidan rediyon gwamnati. Da aljihunsa yake yi, kuma burinsa kiɗan ya shiga gidajen talakawa.

Babbar damuwarsa ita ce yadda na'ura za ta jera sautuka ɗaya bayan ɗaya da kanta, ta maimaita ba tare da hannun mutum ba. Ya haɗa wani dogon bango na makunnai irin waɗanda kamfanonin tarho ke amfani da su, suna ƙaras-ƙaras suna buɗewa suna rufewa a jere, kowanne na sakin nasa sautin. Ya kuma ƙera wata da ya kira injin da'ira: ƙananan fitilu a zagaye, da wani hannu mai juyawa a kansu ɗauke da idon da ke gane haske. Fitilar da ta fi haske ta ba da sauti mai tsayi, wadda ta dushe ta ba da mai kauri. Ki rage hasken fitila ɗaya, kiɗan ya canza.

Idan kin taɓa leƙa situdiyon da ake naɗar waƙoƙin fina-finan Hausa ko na biki a Kano ko Kaduna ko Jos, kin ga jikar wannan dabara. Mai kiɗa ya danna fiyano ya ɗora ganga sau ɗaya, kwamfuta ta riƙe ta ci gaba da maimaitawa, shi kuma ya ɗora wani sautin a kai. Abin da yau ake yi da ɗan akwati a kan tebur, shi Scott sai da ya cika bango guda kafin ya same shi.

Da waɗannan injina ya riƙa yi wa kamfanoni kiɗan talla a rediyo da talabijin, cikinsu har da sunayen da kika sani a kanti: Vicks, Sprite, Nescafé. Ya kuma yi aiki da Jim Henson, wanda daga baya ya shahara da 'yan tsanan Muppets, a kan wasu gajerun fina-finai a shekarun 1960. Miliyoyin Amurkawa sun fara jin kiɗan lantarki ne a cikin talla, ba tare da sun san wanda ya yi ba.

Abin wasan da ya zama kayan kiɗa

Akwai wani kayan kiɗa mai suna teramin, wanda wani ɗan Rasha, Leon Theremin, ya ƙirƙiro wajen 1920. Ba a taɓa shi da hannu. Mai kiɗa yana kaɗa hannuwansa a iska kusa da wasu ƙarafa biyu, sauti na tashi kamar muryar mace mai rera waƙa daga nesa. Scott ya haɗa wa 'yarsa Carrie guda ɗaya don ta yi wasa. Amma teramin yana da wuyar sarrafawa, domin babu alamar inda za ki tsayar da hannu. Daga tunanin yadda za a sauƙaƙa shi ne ya ƙera wata na'ura mai madannai irin na fiyano, wadda sautinta ke sulalewa daga wannan murya zuwa waccan. Ya sa mata suna Clavivox.

Ta dalilin wannan aiki ya haɗu da wani saurayi ɗalibi da ke ƙera teramin tare da mahaifinsa suna sayarwa. Sunansa Robert Moog. Saurayin ya je gidan Scott, ya ga bangon nan na injina, abin ya tsaya masa a rai. Ya riƙa haɗa wa Scott wasu sassan na'urori. A 1964 Moog ya fito da tasa na'urar haɗa sauti, wadda ta bazu a duniya har sunansa ya zama sunan abin. Moog bai ɓoye ba, ya sha faɗa cewa Scott ya riga mutane da yawa kuma ya yi tasiri a kansa.

Faifai uku don jarirai

A farkon shekarun 1960 kamfanin Epic ya fitar da aikin da ya sa muka ɗauko wannan labari, mai suna Soothing Sounds for Baby, wato sautukan lallashin jariri. An yi shi da haɗin gwiwar cibiyar Gesell mai nazarin girman yara, kuma an kasa shi uku bisa watannin yaro: na farko daga wata 1 zuwa 6, na biyu daga 6 zuwa 12, na uku daga 12 zuwa 18.

Tunanin da ke bayansa duk uwa ta san shi ko ba ta je makaranta ba. Jariri yana samun natsuwa da abin da ke maimaituwa. Shi ya sa kike jijjiga shi a baya da tafiya iri ɗaya, kike bubbuga bayansa a hankali, kike nanata baiti ɗaya na waƙar raino har ke ma barci ya fara fizgarki. Scott ya ɗauki wannan maimaici ya ba injinansa. A faifan farko sautukan masu laushi ne, ɗaya kamar bugun agogo, wani kamar ƙaramin akwatin kiɗa. A na biyu da na uku sai motsi ya ƙaru, aka shigo da sauti mai kama da tafiretan wasan yara da na ƙaramar ganga, daidai da lokacin da yaro ya fara rarrafe da tatata yana neman abin da zai ɗauke masa hankali. Wasu daga cikin kaɗe-kaɗen sukan haura minti goma suna juya abu ɗaya da ɗan canji kaɗan-kaɗan.

Faya-fayen ba su yi kasuwa ba. Iyayen wancan zamani ba su saba da irin wannan sauti ba, suka bar su a kanti. Sai a 1997, bayan rasuwarsa, wani kamfani na ƙasar Holan mai suna Basta ya sake fitar da su. Masu saurare suka riƙe baki, domin sun ji abin da ya yi kama da kiɗan da Brian Eno na Ingila da ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus suka shahara da shi a shekarun 1970, alhali wannan ya riga su da kusan shekara goma, kuma don jarirai aka yi shi.

Na'urar da ya so ta yi tunani

Babban burin rayuwarsa wata na'ura ce da ya kira Electronium, wadda ya fara tun ƙarshen shekarun 1950. Ba ta da madannan fiyano, sai makunnai da maɓallai da fitilu jere a jikin akwatin katako. Manufar ita ce mutum ya ba ta ɗan tsari, ita kuma ta ƙirƙiro kiɗa nan take. Idan abin da ta kawo ya yi masa, ya ce ta riƙe ta faɗaɗa shi, idan bai yi ba ya juya maɓalli ta kawo wani. Wato mutum da inji su shirya kiɗa tare. Yau da ake ta maganar ƙirƙirarriyar basira mai haɗa waƙa cikin daƙiƙoƙi, ki tuna wani ya yi wannan mafarki tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje.

Labarin na'urar ya kai kunnen Berry Gordy, mai kamfanin Motown, gidan da ya fito da Stevie Wonder da Diana Ross da Michael Jackson da 'yan uwansa. Gordy ya je ya gani da idonsa, ya ba da odar a ƙera masa. Daga 1971 Scott ya zama shugaban sashen binciken kiɗan lantarki na Motown, ya koma Kalifoniya, ya riƙe aikin har 1977. Duk da haka ba a san wata waƙar Motown da aka fitar da sautin wannan na'ura ba. Scott bai taɓa yarda cewa ta kammala ba. Kullum akwai abin da zai kwance ya sake ɗaurawa. Shekaru da dukiya mai yawa suka tafi a kanta.

Rowar sani

Wani hali ya cuce shi fiye da komai: tsoron kada a sace masa fasaha. Yana rufe ƙofa, ba ya bayyana yadda injinansa ke aiki, ba ya shiga cikin masu irin wannan bincike su yi musayar sani. Su kuwa sauran suna wallafa abin da suka gano, suna koyar da ɗalibai, suna sayar da na'urorinsu ga duk mai so. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da aka zo rubuta tarihin kiɗan lantarki, sunayensu aka rubuta. A wata wasiƙa da aka samu cikin takardunsa, shi da kansa ya amsa cewa ɓoye-ɓoyensa ya yi yawa, kuma shi ya sa ba a san rawar da ya taka ba.

Bayan Motown lafiya ta fara ja baya, kuɗi suka ƙare. Duk da haka bai daina ba, ya koyi aiki da ƙananan kwamfutocin da suka fara fitowa yana shirya kiɗa da su. A 1987 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki wadda ta hana shi aiki da magana. Matarsa ta uku, Mitzi, ita ta yi jinyarsa a gidansu da ke Los Angeles, injinan da ya ƙare ƙuruciyarsa a kansu suna jibge ƙura na cin su.

A 1992 wasu masoya kiɗa biyu, Irwin Chusid da Hal Willner, suka tattaro tsofaffin kaɗe-kaɗensa na shekarun 1930 suka sake fitarwa, duniya ta fara waiwayarsa. Amma lokacin ba ya iya ba da labarinsa da bakinsa. Ya rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1994, yana da shekara 85. Faya-fayensa da takardunsa suna ajiye a jami'ar Missouri da ke Kansas City. Electronium kuwa wani mawaƙi, Mark Mothersbaugh, ya saye ta a 1996 ba ta aiki. A 2000 aka fitar da tarin kaɗe-kaɗensa na lantarki, matasan mawaƙa irin su J Dilla da ƙungiyar Gorillaz suka riƙa yanko sautukansa suna sakawa a nasu.

Abin da 'ya'yansa suka gani

Scott ya yi aure sau uku. Aurensa na farko da Pearl ya mutu a 1950, na biyu da mawaƙiya Dorothy Collins ya mutu a 1965. Ya bar 'ya'ya huɗu. Ɗansa Stan Warnow, wanda ya zama mai shirya fina-finai, ya fitar da wani fim a 2010 mai suna Deconstructing Dad, inda ya bi sawun mahaifinsa ta cikin tsofaffin hotuna da faya-fayai da hirarraki da waɗanda suka san shi. Fim ɗin na ɗa ne da ke alfahari da ubansa, amma kuma yake neman sanin mutumin da bai samu zama da shi yadda ya so ba.

Nan ne labarin ya fi taɓa zuciya. Mutumin da ya zauna ya yi nazarin irin sautin da zai kwantar wa jaririn wata uku hankali, ya ba injina lokacin da nasa 'ya'yan suke bukata. Ba mugu ba ne, ga shi har abin wasa ya ƙera wa 'yarsa. Sai dai ya fi sakewa da abin da zai iya sarrafawa da maɓalli, yara kuwa ba su da maɓalli.

Abin da za ki ɗauka

Na farko, yaron nan naki da ya kwance rediyon babansa, ya farke fitilar caji don ya ga abin da ke ciki, ya haɗa batir da ƙaramin injin mota yana ƙera fanka da kwali, kada ki yi saurin kiransa maɓarnaci. Ki ware masa tsofaffin kayan da suka riga suka lalace, ki gindaya masa sharaɗi cewa babu shi babu soket da wayar wutar gida, babu wasa da batirin waya. Idan akwai amintaccen mai gyara a unguwa ko a dangi, hutun makaranta dama ce. Harry ya samu yayan da ya lura da shi ya tsaya masa. A gidanki mai yiwuwa ke ce wannan mutumin.

Na biyu, ki koya masa raba sani tun yana ƙarami. Ya nuna wa ƙannensa abin da ya haɗa, ya yi aiki da abokai, ya saba da cewa abu ya gama ko da bai kai yadda yake so ba. Scott ya fi da yawa daga tsararrakinsa basira, amma waɗanda suka buɗe ƙofa su suka ci gajiyar zamaninsu.

Na uku, batun waya da barcin jariri. Babu laifi ki kunna masa sauti mai laushi ranar da kika gaji, amma ki rage ƙara sosai, ki ajiye wayar nesa da kansa, ki kife fuskarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a riƙa sa yaron da bai kai shekara ɗaya ba kallon allon waya ko talabijin. Kuma idan kukan ya ƙi ƙarewa, ko akwai zazzaɓi, ko ya ƙi karɓar nono, asibiti za a nufa, ba neman wani sautin ba. Muryarki kuwa ya san ta tun yana ciki, ko da kina ganin ba ki iya waƙa ba.

Na ƙarshe ki tura wa maigida wannan labari, musamman idan yana cikin masu fita tun yara na barci su dawo sun yi barci. Neman na kai wajibi ne, amma yaro ba ya jiran a gama aiki kafin ya girma.

Idan kina da data, nemi Soothing Sounds for Baby ki saurari minti biyu, sannan ki nemi Powerhouse ki kunna wa yara ki ga ko za su gane shi. Sai ki faɗa mana a ƙasa: ke da me kike lallashin naki idan ya ƙi barci, kuma wace waƙar raino kika gada daga mahaifiyarki ko kakarki? Masu yara 'yan kwance-kwance kuma, me naku ya taɓa kwancewa a gida?